Yadda zaka gane anzim HGPRT ba tare da hadda ba, daga kaye zuwa waya

Wata ƙanwata dake shekara ta biyu a fak ta turo min hoton kayenta ranar Asabar da daddare, shafi guda cike da kibiyoyi wasu sun hau kan wasu, wai suna da jarabawar biyoshimi kuma darasin purin ya tsaya mata a wuya, tace yaya dan Allah ka faɗa min abinda zan haddace kawai in wuce wajen. Nace mata ai matsalar kenan, hadda. Nima haka nayi lokacin ina Dang, jami'ar Gaundare, na haddace sunaye kamar karatun sallah, ana fitowa daga amfi komai ya zube. Sai daga baya da na fara aiki a labo ina ganin sakamakon asid yurik na mutane kullum sannan abin ya zauna min. To abinda na gaya mata shi zan rubuta anan, saboda nasan ba ita kaɗai bace, ƴan Garwa da Marwa da Gaundare har da na Injamena duk darasi ɗaya ake musu. Anzim ɗaya zamu ɗauka, wato furotin mai hanzarta wani aiki a jiki, sunansa HGPRT, mu bishi daga farko, in ka gane shi sauran zasu zo da sauƙi. Zan riƙa cewa anzim da ADN yadda muke faɗa a nan, ƴan uwanmu na Najeriya su suna cewa enzayim da DNA, abu ɗaya ne.

Kafin ka buɗe intanet ko wani littafi, ɗauko bik da farar takarda ka zana zoben purin da hannunka. Zobe biyu ne a manne, ɗaya mai kusurwa shida ɗaya mai biyar, gaba ɗaya atom 9, kuma azot, wato naitrojin, yana zaune a gurbi na 1 da 3 da 7 da 9. Zana shi sau huɗu a jere. Na farko ka sa masa NH2 a gurbi na 6, ya zama adenin. Na biyu ka sa oksijen a gurbi na 6, shine ipozantin. Na uku oksijen a 6 da NH2 a 2, gwanin kenan. Na huɗu oksijen a 6 da kuma a 2, zantin. Shikenan fa, iyalin gidan kenan, kuma wlh rabin ruɗewar da ɗalibai keyi daga nan take, sun san sunayen amma basu taɓa kallon fuskokin ba. Yanzu sa yatsa akan gurbi na 6 ka duba su waye suke da oksijen a wajen. Ka riƙe wannan, zamu dawo masa.

Sai tambaya ta gaba, me jiki yake yi da waɗannan abubuwa. Idan aka ɗaura wa purin sukarin ribos da fosfat ya zama nukleyotid, shine tubalin ADN da ARN, shine kuma ATP da GTP da ƙwayar halitta take kashewa kamar kuɗi. Jiki yana da hanya biyu na samunsu. Akwai ƙira daga tushe, inda ake fara gina zoben atom bayan atom akan wani abu da ake cewa PRPP, ribos ne mai ɗauke da fosfat da kuma pirofosfat, mataki 10 kafin a kai IMP, wato nukleyotid ɗin ipozantin, ana cin glisin da glutamin da aspartat da folat da iskar CO2, ga ATP da ake ƙonawa wanda in ka haɗa da kuɗin yin PRPP ɗin kansa ya kai shida. Akwai kuma hanyar tsinto, wato idan tsohon ADN ko ATP ya rushe, zoben purin ya faɗo shi kaɗai, maimakon a zubar sai a ɗauke shi a sake ɗaura masa ribos da fosfat, mataki ɗaya tak. Ni yadda nake ganinsa kamar mai gyaran moto ne a bakin kasuwa, in klando ya kawo masa mashin ba sabon inji yake oda ba, tsohon fis yake cirowa daga wanda ya mutu ya wanke da esans ya ɗaura, anjima kaɗan mutum ya hau abinsa. HGPRT shine wannan makanikin. Kuma ba ƙaramin aiki yake ba, kusan kashi 90 cikin 100 na purin da suka faɗo ana maido dasu ne ta hanyar tsinto.

Sunan ma in ka warware shi ya gaya maka aikin. H ipozantin, G gwanin, PRT kuma mai ɗauko fosforibosil ya miƙa. Rubuta layi biyu a ƙasan zanenka. Ipozantin da PRPP su bada IMP da pirofosfat. Gwanin da PRPP su bada GMP da pirofosfat. Adenin fa? Ba ruwan HGPRT dashi, shi yana da nasa makanikin daban, APRT, wanda jin ɗinsa (gène, wato ɓangaren ADN da ake ƙera shi daga gareshi) yake kan kromozom na 16. Malamai suna son wannan tarkon sosai, zasu sa maka adenin cikin zaɓi su ga ko zaka faɗa. Lambar anzim ɗin a tsarin EC itace 2.4.2.8, in malaminku mai son lambobi ne ka rubuta a gefe, in ba haka ba kada ta dameka.

To yanzu siffa, nan ne nake so ka daɗe, don anan ne abin yake da daɗi kuma anan ne polikop baya taimakon kowa, hoton baƙi da fari ne an buga an sake bugawa har ya zama kamar tabon shayi. Kana da waya, ka shiga shafin RCSB PDB, rumbu ne na siffofin furotin da aka fara tun 1971 kuma kyauta ne ba'a biyan ko sisi, mega ɗinka kawai zai ci. A wajen bincike ka rubuta 1BZY. Wannan HGPRT na ɗan adam ne da aka fitar a 1999, an kama shi yana rungume da wani abu da aka ƙera ya yi kama da tsakiyar aikin, wato daidai lokacin da purin yake shirin mannewa da ribos. Ka danna wajen kallon 3D ka jira, in rezo yana wasa kayi haƙuri ka bari sai dare, ni ƙarfe ɗayan dare nake irin wannan aikin. Idan ya buɗe zaka ga wani dunƙule mai launi huɗu, ka sa yatsa ka juya shi. Launi huɗun nan sarƙa huɗu ne iri ɗaya sak, don anzim ɗin a jiki ba shi kaɗai yake yawo ba, huɗu suke haɗuwa su zama tetramer, kowace sarƙa tana da wajen aikinta. Wani lokaci in ka buɗe wani fayil ɗin daban zaka ga sarƙa biyu kacal, kada kace littafi yayi ƙarya, abinda ya fito a ɓangaren kristal aka nuna maka, ka nemi inda zaka zaɓi cikakken haɗin da yake a jiki.

Kowace sarƙa asid amine 218 ce in ka ƙirga da metiyonin na farko, amma ana yanke wannan metiyonin ɗin bayan an gama ƙera furotin, saura 217, nauyinta wajen kilodalton 24 da ɗoriya. Wannan ƙaramin abu yana rikita mutane fiye da yadda kake zato. Zaka ga takarda ɗaya tace Asp137, ka shiga UniProt ka nemi P00492 ka ƙirga ka tarar da aspartat ɗin a 138, ka fara tunanin ko kai ne baka iya ƙirga ba. Duk ɗaya ne, wasu sun fara ƙirga daga metiyonin wasu daga na bayansa. Ni zan bi ƙirgar masu kristal, wadda bata sa metiyonin.

Ka ɓoye sarƙa uku ka bar ɗaya, ko kuma ka matso da ita kusa kawai. Abu uku zaka nema. Na farko gindi, wasu kibiyoyi masu faɗi guda biyar a jere duk suna kallon gefe ɗaya, shimfiɗar beta kenan, an kewaye ta da naɗe-naɗen alfa kamar yadda ake kewaye rumbu da zana. Anan PRPP yake zama. Na biyu wani ɓangare ne a sama da ya rufo kamar hula, shi yake riƙe zoben purin, kuma wajen aikin yana tsakanin gindin da hular. Na uku wani madauki ne mai lilo, wajen asid amine na 100 zuwa 117, da serin 103 da tirozin 104 a jikinsa. A 1BZY zaka ganshi ya kwanto ya rufe bakin ramin ruf. In ka buɗe 1HMP, wanda shine siffar farko da aka fitar a 1994 da GMP a ciki, zaka ga ramin a buɗe. Ka buɗe su biyun ɗaya bayan ɗaya ka kwatanta, wannan kwatancen shi kaɗai ya fi karatun shafi goma.

Me yasa sai an rufe? Bayanin da aka fi bayarwa shine a tsakiyar aikin, lokacin da pirofosfat ya fara sakin ribos kuma purin bai gama kamawa ba, karbon na 1 na ribos ɗin yana tsirara, yana ɗauke da caji, duk abinda ya zo kusa zai kama. Kuma cikin ƙwayar halitta ruwa ne ko'ina. In ruwa ya riga purin isa wajen to an yi asarar PRPP a banza. Shi yasa madaukin yake faɗowa kamar murfin tukunya, a gama abinda za'ayi a ciki sannan ya ɗaga. Ni wannan ne ya fara sa naji ina son biyoshimi gaskiya, da na gane cewa furotin motsi yake, yana buɗe baki yana rufewa.

Cikin ramin zaka ga wasu ƙwallaye biyu ƙanana, yawanci kore ake musu, magneziyom ne. Pirofosfat cike yake da cajin negatif, ba mai iya riƙe shi hannu banza, to magneziyom biyun nan su suke dafe shi su daidaita shi, ɗaya kuma yana taɓa oksijen ɗin ribos. Babu magneziyom babu aiki. Kusa da ribos ɗin akwai Glu133 da Asp134, sai Asp137 wanda yake cire proton daga azot na 7 na purin, hakan yasa azot na 9 ya samu ƙarfin kai hari kan karbon na 1 na ribos. Harin ta bayan inda pirofosfat yake fita ake kaishi, shi yasa PRPP yake alfa amma nukleyotid ɗin da ya fito beta ne, juyawa yayi. Yanzu dawo kan yatsan da nace ka sa a gurbi na 6. A cikin hular akwai Lys165, lizin ce mai cajin pozitif, tana miƙo hannu ta kama oksijen ɗin gurbi na 6. Ipozantin yana dashi, gwanin yana dashi, adenin kuwa NH2 ne a wajen, lizin bata da abin kamawa. Kaga amsar tarkon malam ta fito da kanta ba hadda.

Akwai kuma layi, ba'a shiga ramin haka kawai. PRPP da magneziyom su suke fara zama, sannan purin ya shigo, murfi ya rufe, in an gama pirofosfat ya fara fita, nukleyotid shine na ƙarshe. In kana da kwamfuta ko zaka iya aron ta wani, sa PyMOL, ka rubuta fetch 1bzy, sannan show sticks, organic don kaga abinda ke cikin ramin, sannan show spheres, elem Mg, sai ka zaɓi resi 137 da resi 165 ka canza musu launi. Minti goma ya isa. Ka ɗau hoton allo ka ajiye a waya tun kuran yana nan, don ranar da zaka buƙace shi ranar ce za'a ɗauke wuta.

An gama da siffa. Abinda ya rage dabara ɗaya ce wadda nake amfani da ita akan kowane anzim, ka ɗora hannu akan kibiyarsa ka rufe ta, ka tambayi kanka abu biyu, me zai taru a baya, me zai yi ƙaranci a gaba. Gwada da HGPRT. A baya ipozantin da gwanin zasu taru, PRPP ma zai taru tunda ba mai cinsa. A gaba IMP da GMP zasu ragu. Ipozantin da ba'a tsince shi ba ina zashi? Wani anzim mai suna zantin oksidaz, wanda yake aiki da molibden, zai maida shi zantin, ya sake maida zantin asid yurik. Gwanin ma ana cire masa NH2 ya zama zantin ya bi sahu. Mu kuma ƴan adam bamu da yurikaz, anzim ɗin da yawancin dabbobi masu shayarwa suke dashi na narkar da asid yurik, namu jin ɗin ya lalace tun tuni, to a nan tafiyar take tsayawa sai dai ƙoda ta fitar. Wannan dalili na farko kenan.

Dalili na biyu shi ɗalibai suke mantawa kuma shi yake kawo maki. Anzim na farko a hanyar ƙira daga tushe, amidotransferaz, PRPP ne yake zuga shi, su kuma IMP da GMP da AMP, na adenin, su suke taka masa birki. Yanzu PRPP yayi yawa, birki ya ragu, me kake tsammani? Masana'anta ta buɗe wuta tana ƙera sabon purin ba ƙaƙƙautawa, wanda shima ƙarshensa asid yurik. Wato makaniki ya rufe shago, tsofaffin fis sun cika bola, ga kuma oda ana ta yi na sababbi suna ƙarewa a bolar. In aka tambayeka dalilin hawan asid yurik a rashin HGPRT ka kawo biyun nan, ɗaya kawai rabin maki ne.

Asid yurik baya son narkewa, in ya wuce wajen 68 mg/L a jini yana iya fara zama kristal. Ka kula da ma'auni anan, labo ɗinmu na wannan yanki da yawa mg/L suke rubutawa, littattafan Turancin Ingilishi kuma mg/dL, to 68 ɗinmu shine 6.8 nasu, a mikromol kuma wajen 400. Na sha ganin mutum ya riƙo takarda hankali a tashe an rubuta 55 ya duba a intanet yaga ance kada ya wuce 7, yana zaton mutuwa ce ta zo, alhali lafiyarsa ƙalau. Kristal ɗin in ya zauna a gaɓa shine gut, babban yatsan ƙafa ya kumbura yayi ja cikin dare ko zani mutum baya so ya taɓa, in ya zauna a ƙoda kuma tsakuwa.

Sai cutar da take cikin kowane littafi, Lesch-Nyhan. A 1964 ne Michael Lesch, yana ɗalibin likita a lokacin, da malaminsa William Nyhan suka bayyana ta a Johns Hopkins ta Amurka akan wasu yara biyu wa da ƙani, sai 1967 Seegmiller da Rosenbloom da Kelley suka gano cewa HGPRT ne babu. Jin ɗin, HPRT1, yana kan kromozom X a yankin q26, ekzon 9 gareshi, kuma an samu ɗaruruwan canje-canje daban-daban dake lalata shi. Tunda akan X yake, kusan duk masu cutar maza ne, uwa tana ɗauke dashi lafiyarta lau, kowane ɗa namiji da zata haifa rabi da rabi ne. Ka lura wannan ba irin gadon sikila bane da sai uwa da uba sun haɗu, don haka ba maganar auren zumunci bace, kuma wani lokacin ma canjin sabo ne a jikin yaron ya fara. Ba laifin kowa bane, na faɗi haka ne don nasan halinmu, yanzu sai a ɗora wa matar.

Ana haihuwar yaron kamar kowa, bayan wasu watanni a ga baya riƙe wuya, jiki yana murɗewa, wani lokaci a ga wani abu kamar yashi ruwan lemo a kunzugunsa, kristal ne. Abin da yafi tada hankali yana zuwa wajen shekara 2 zuwa 3, yaro ya riƙa cizon leɓensa da yatsunsa har ya ji wa kansa rauni, kuma yana jin zafin fa, baya so, hana kansa ne baya iyawa. A unguwa irin tamu kasan abinda za'a fara cewa, iska ne ko an yi masa jifa. Amma kada kaje kana hango ta a kowane gida, cutar tana da wuyar samu ƙwarai, wajen haihuwa 1 cikin 380,000 ake lissafawa, kuma jariri sabon haihuwa yana iya yin wannan jan fitsarin a kwanakin farko ba tare da wata cuta ba. Idan anzim ɗin bai mutu gaba ɗaya ba, yana ɗan aiki ko da kashi 8 ne zuwa sama, sai a samu gut da tsakuwar ƙoda tun mutum yana saurayi amma babu cizon kai, wannan ita ake kira Kelley-Seegmiller. Mai cikakkiyar cutar aikin anzim ɗinsa bai kai kashi 2 ba. Ƙwaƙwalwa tana dogara da hanyar tsinto sosai, kuma an ga dopamin yana raguwa a can cikin gindin ƙwaƙwalwa inda ake sarrafa motsi.

Alopurinol yana toshe zantin oksidaz, asid yurik ya sauka, ƙoda da gaɓoɓi su huta, amma baya taɓa matsalar ƙwaƙwalwar ko kaɗan, wannan ma tambaya ce da take fitowa. Bari in ɗan kauce anan, don nasan wani zai karanta yace to kawuna mai kumburin yatsa HGPRT ɗinsa ne ya lalace. A'a. Yawancin masu gut anzim ɗinsu lafiya lau, ƙodarsu ce bata fitar da asid yurik yadda ya kamata, ga nama da kayan ciki, hanta da ƙoda da ake ci wajen mai suya kullum dare, ga lemon kwalba, mai shan giya ko bilbil kuma nasa yafi, ga zafin Garwa na watan Maris da Afrilu da mutum zai wuni yana zufa bai sha ruwan kirki ba. Kuma dan Allah kada kowa ya sayi alopurinol wajen mai tallan magani a tire ya fara sha don yaji sunan anan, yana iya kawo wani mugun ciwon fata da yake saluɓe mutum har ya kashe, likita ne yake farawa da kaɗan yana dubawa.

In kana so malam ya san ka wuce polikop, ga wurare uku da HGPRT yake ɓuya. Maganin 6-merkaptopurin da ake ba yara masu kansar jini, wanda Gertrude Elion da George Hitchings suka samar har suka samu kyautar Nobel a 1988, shi kansa ba ya komai, sai HGPRT ya ɗauke shi a zaton ipozantin ne ya ɗaura masa ribos da fosfat sannan ya zama guba ga ƙwayar kansar. Duba zanenka, sulfur ne kawai aka sa a gurbi na 6 maimakon oksijen, makaniki ya ruɗu. Kuma zantin oksidaz ne yake rushe maganin, to in aka haɗa shi ko ɗan uwansa azatiyoprin da alopurinol ba'a rage yawansa ba, zai taru ya kashe ɓargo. Da dabarar rufe kibiya zaka iya fito da wannan da kanka.

Na biyu a labo ne, ruwan renon ƙwayoyi da ake kira HAT, ipozantin da aminopterin da timidin. Aminopterin yana toshe hanyar ƙira daga tushe, duk ƙwayar da bata da HGPRT ta mutu, mai shi ta rayu da ipozantin. Da wannan Köhler da Milstein suka tace ƙwayoyinsu a 1975 suka samu antikor, furotin ɗin garkuwar jiki, iri ɗaya zalla, kuma irin waɗannan antikor ɗin ne a cikin ɗan katakon gwajin palu da ake ɗiga wa jini a asibitin unguwa.

Na ukun shi yafi shafarmu. Ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, Plasmodium falciparum, bata iya ƙera purin daga tushe kwata-kwata, bata da wannan masana'antar, ipozantin ɗin jan jininmu take sata ta tsinta da nata anzim ɗin. Nata ana ce masa HGXPRT, an ƙara X don yana karɓar zantin ma, abinda namu baya yi. Tripanozom mai kawo ciwon barci da sammoren shanu shima haka yake, baya ƙerawa sai tsinto. Kaga dalilin da yasa masu bincike suke zuba ido akan ramin nan, in aka samu abinda zai toshe nata ya bar namu to an yanke mata abinci, kuma wancan abin da ka gani a cikin 1BZY daga irin wannan neman ya fito.

Daren jarabawa abinda nace ƙanwata tayi shine ta rufe kaye, ta ɗauki farar takarda, ta zana purin huɗun, layi biyun, sannan da'ira ɗaya da hula da murfi da ƙwallaye biyu, ta sa 137 da 165 a inda suke, sannan ta rufe kibiyar da hannu ta faɗa da baki me ya taru me ya ragu, kamar tana yiwa wata bayani. Inda ta tsaya tana in'ina nan ne bata gane ba, nan kawai zata koma ta duba. In ta gama da wannan nace ta ɗauki APRT tayi masa irin haka, ta rufe kibiyarsa ta gani ina adenin zai tafi in zantin oksidaz ya same shi, amsar wata irin tsakuwar ƙoda ce daban mai suna 2,8-dihidroksiadenin, kuma ita ma alopurinol ake bayarwa.